Tambayi Dokta: "Kofi ɗaya na koko ya sa aka fasa wa yarona aiki"

Assalamu alaikum jama'ar zangon Kumasi. Wannan watan saƙonni sun taru kaman me, kuma yawancinsu maganar tiyata ce sai ka ce kun haɗa baki. Na zaɓi waɗanda na ga za su amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu. Kaman kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari. Masu turo mini hoton takardar gwaji ƙarfe 2 na dare suna cewa "Dokta duba mini" kuma, don Allah ku ji tausayina, ni ma ina da iyali, kuma ba a taɓa cikin mara lafiya ta WhatsApp.

TAMBAYA: Salam Dokta, wallahi raina a ɓace yake. Yarona ɗan shekara 6 za a yi mishi aiki, ƙwan marainanshi ɗaya bai sauko ba, wata uku muna jiran rana, ranar ta zo mun fita tun asuba mun ɗau tasi, yaro yana ta kuka yunwa yunwa sai kakarshi ta saya mishi koko a bakin get, ko ƙosai babu, koko zalla kofi ɗaya, da nas ta tambaya na faɗi gaskiya shikenan wai an fasa sai wani sati. Koko ai ruwa ne Dokta! Ashe da na yi shiru da yanzu an gama. Wannan ba wulaƙanci ba ne? (Wata uwa daga Aboabo)

AMSA: 'Yar'uwa sannu, na san zafin, kuɗin tasi ya tafi, kasuwa ta tafi, ga jira. Amma wannan "da na yi shiru" ita ce ta sa na ɗauko wasiƙarki na sa a gaba, don wallahi da kin yi shirun da wataƙila wani labari muke yi yanzu.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a ciki. Mutum in yana farke, ko yana barcin gida, in abu ya taso daga tumbi ya nufi hanyar numfashi jiki da kansa yake rufe ƙofa, sai ka ƙware ka yi tari ya fita. To maganin barcin tiyata ba barcin gida ba ne, yana kashe wannan tarin gaba ɗaya, bakin tumbi ya saki, mutum yana kwance rigingine, abin da ke ciki ya gangaro maƙogwaro shiru ba amai ba komai, ya zarce huhu. Kuma abin da ya fito daga tumbi a haɗe yake da ruwa mai tsami wanda ke ƙona huhu. Tun 1946 wani likita a Amurka mai suna Mendelson ya rubuta wannan a kan mata masu haihuwa, har yau da sunansa ake kiran matsalar.

Na taɓa gani da idona farkon fara aikina. Wani dattijo ne, an tambaye shi ya ce tun jiya bai sa komai a baki ba, muka sa maganin barci, ina ɗaga haɓarsa zan sa bututun numfashi sai ga koko ya cika bakin, har ƙamshin citta da kanumfari ina ji, muka karkata shi muna zuƙewa da inji hannuna na rawa. Allah ya taimaka ya tashi amma sai da ya yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman da iskar oksijin. Daga baya ya ce ai shi a wurinsa koko ba abinci ba ne. Ke ma abin da kika ce ke nan.

To ku riƙe wannan. Abinci, awa 6 kafin aiki a daina. In mai maiƙo ne ko nama, irin waakye (shinkafa da wake) da soyayyen kifi ko tuwon zafi da miyar ayoyo da nama, awa 8. Koko, kunu, fura, Milo, shayi da madara, madarar gwangwani ta jarirai, duk lissafin abinci ake musu, awa 6. Nonon uwa awa 4. Ruwa zalla wanda in kin ɗaga kofin gilashi kina hango hannunki ta ciki, shi ne ake bari har saura awa 2, shi ma ki tambayi nas tukuna don wani aikin yana da nasa ƙa'ida. Ranar da za ku koma ki roƙa a sa shi farkon layi, yara dama su ake fara ɗauka, ki ba shi abinci ya ƙoshi da dare, sannan kaka ta zauna a gida ta yi muku addu'a. Ba laifinta ba ne, wace kaka ce za ta ga jika na kuka ta kawar da kai.

TAMBAYA: Dokta barka da aiki, cikina wata 8 an ce yaron a gicciye yake in bai juya ba sai tiyata, kuma wai allurar baya za a yi mini, uwar mijina ta ce kar in yarda wai tana gurgunta mutum ko ta bar ki da ciwon baya har ki mutu gara a sa ni barci gaba ɗaya, ni dai tsoro nake ji ko barci ba na iya yi. (Daga Sawaba)

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Ki gaida Hajiya, ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma a nan ba ta yi daidai ba. In matata ce za a yi wa, allurar bayan zan zaɓa mata ba ko tantama.

Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙasa ba, a babban mutum tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, mu kuma ƙasa da nan muke sa allurar, inda ruwa ne da siraran jijiyoyi suna yawo a ciki. Allurar kanta siririya ce sosai ta fi wadda ake ɗibar jini sirantaka. Za a zaunar da ke ki rungume filo ki lanƙwasa baya, ki ji sanyin maganin wanke fata, ɗan tsini, sai ƙafafu su fara ɗumi su yi nauyi kaman ba naki ba. Za ki ji ana taɓa ki ana ja ana dannawa musamman lokacin fito da yaro, amma zafin yanka babu, in kin ji zafi ki faɗa nan take muna tsaye a kanki ai. Wasu jininsu na sauka su ji tashin zuciya ko rawar sanyi, akwai maganinsa a hannu. Cikin awa 2 zuwa 4 ƙafa ta dawo.

Me ya sa muka fi son ta? Mai ciki tumbinta ba ya saurin sauke abinci in ta shiga naƙuda, ga ciki ya danno shi sama, ga maƙogwaro ya kumbura sa bututu na wahala, wato duk abin da na faɗa wa uwar mai koko ya fi tsanani a kanki. Sannan maganin barci yana ratsawa ya kai ga jariri. Da allurar baya kuwa idonki biyu za ki ji kukansa na farko, a kawo miki shi ki gani.

Ciwon baya fa? Wurin allurar zai yi ɗan tsami kwana biyu uku. Amma ciwon bayan da mata ke fama da shi bayan haihuwa, waɗanda suka haihu da kansu ma suna yi, wata tara kina ɗauke da kaya a gaba sannan ga goyo ga wanki a sunkuye. Abin da ya tabbata allurar na iya jawowa shi ne wani irin ciwon kai, in kin tashi zaune ya sara in kin kwanta ya lafa, yakan fara cikin kwanakin farko kuma yawanci ya wuce da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu, da hutu da shan ruwa da farasitamol da ɗan shayin kofi, in ya ƙi akwai yadda ake toshe 'yar ƙofar da allurar ta buɗe da ɗan jininki. Lahani na dindindin a jijiya yana yiwuwa, ba zan ce miki babu ba, amma abu ne mai wuyar gani ƙwarai. In kina shan maganin tsinka jini ki faɗa tun wuri. Kuma ciwon kai bayan haihuwa wanda ya zo da dishi-dishin gani ko kumburi, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wannan ba wancan ciwon kan ba ne, a koma asibiti a ranar.

Abu biyu na ƙarshe. Ki duba katin inshorarki tun yanzu in ya mutu ki sabunta ta *929#, kar sai ranar. Sannan maganar gasa ciki da tawul da tafasasshen ruwa, ki gaya wa Hajiya tun yanzu cikin ladabi ban da wurin ɗinki.

TAMBAYA: Dokta ni fita ne a Magazin (unguwar masu gyaran mota), ina da gwaiwa shekara 4 tana fitowa in na ɗaga inji in na kwanta ta koma, yanzu ta fara ciwo, na sha maganin gargajiya kala kala na ɗaura bel ba sauƙi. Abokai sun ce in aka yi aiki mutum ba ya ƙara iya komai da iyali. Kuma gaskiya ina shan tramol saboda aiki kullum biyu ko uku, ina jin kunyar faɗa wa likita kar ya raina ni. (Wani matashi daga Asawase)

AMSA: Ƙanina na gode da ka faɗa mini, yanzu saura ka faɗa wa wanda zai sa ka barci, don shi ne ya fi ni buƙatar ji.

Gwaiwa irin taka rami ne ya buɗe a bangon ciki hanji yana leƙowa ta nan. Rami kuwa ba a sha masa magani, ko na bature ko na mai ganye a kasuwar Kejetia da lasifika, ɗinki ne kawai, yawanci da 'yar raga da ake shimfiɗawa ta riƙe wurin. Aikin da aka shirya ba ya cika wuce awa ɗaya, da allurar baya ko ma kashe wurin kawai, da yawa a ranar ko washegari suke komawa gida, sati 4 zuwa 6 ka bar ɗaga kaya masu nauyi ka sa yaran shago su yi. Maganar iyali kuma labarin majalisa ne, aikin ba ya taɓa jijiyoyin da ke ta da gaba. Gwaiwar da ta kai girman kwakwa ita ce ma ke hana mutum sakewa.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ta fito ta ƙi komawa. In ta yi tauri, ciwo ya tsananta, amai ya zo, ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida, to hanji ya shaƙe jini ba ya kai masa, cikin awoyi kaɗan zai fara mutuwa. Wannan ko ƙarfe 3 na dare ne a nufi imajensi, in Gee ne ya fi kusa, wato asibitin Komfo Anokye, a tafi can, ko a kira 112, kar a tsaya dannawa da ƙarfi kar a ba ka komai ka sha. A lokacin aikin awa ɗaya ya koma buɗe ciki da yanke hanji. Tunda taka ta fara ciwo kar ka wuce wannan watan ba ka ga likitan tiyata ba.

Sai tramol. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a hannun samari 225 ne, in kana shan uku ka yi lissafi da kanka. Jikinka ya riga ya saba, maganin kashe zafin da zai ishi wani kai ba zai ishe ka ba, sai ka farka kana ihu mu kuma muna mamaki. Yana iya jawo farfaɗiya, yana karo da wasu magungunan da muke bayarwa, sannan in ka kwanta asibiti ka rasa shi kwana ɗaya sai zufa da rawar jiki da gudawa da rashin barci, mu ɗauka wata cuta ce ta shigo muna ta neman abin da babu. Kar ka yanke shi dare ɗaya da kanka, a hankali ake ragewa da taimakon likita. Mu ba 'yan sanda ba ne, ba kuma limamai ba, abin da ka faɗa yana cikin folda. Haka sigari, wiwi, bita, maganin ƙarfin maza, jiƙe-jiƙen gargajiya, duk ka zazzage. Na gargajiyan ma so samu ka ajiye su sati 2 kafin aiki don wasu na hana jini tsayawa.

TAMBAYA: Dokta an yi wa mamana aikin ciki kwana 9 ke nan, sun sallame mu ba su ba mu antibayotik ba sai maganin ciwo, yanzu gefen ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa mai wari, maƙwabciyarmu ta ce mu fasa topaye (kafson antibayotik) mu barbaɗa. Mu yi? (Daga Yalwa)

AMSA: Kar ku yi. Ba topaye, ba man kaɗe, ba toka, ba zuma daga kasuwa, ba man goge baki. Yau ɗin nan ku mai da Mma inda aka yi aikin. Ja, kumburi, zafi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ruwa mai wari ko mugunya, zazzaɓi, wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta ke nan, kuma abin da yake so shi ne a cire zare ɗaya biyu mugunyar ta samu hanya, a wanke, a ɗebi kaɗan a kai lab a ga wace ƙwaya ce da maganin da ke jinta. Garin kafso a kan ciwo ɓawo kawai yake yi a sama ya kulle ƙazantar a ciki. A auna mata suga kuma, sau da yawa a nan muke gano mai ciwon suga da bai san yana da shi ba. In kun ga ruwa mai yawa ja-ja kaman ruwan wankin nama ya jiƙa bandeji, ko wurin ya buɗe, ku rufe da tsabtataccen ƙyalle ku taho da ita a kwance.

Rashin ba ku antibayotik ba sakaci ba ne. A aikin da ba ƙazanta a ciki, allura ɗaya ake yi kafin a sa wuƙa, a lokacin take da amfani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce kar a ci gaba da bayarwa bayan an gama don rigakafi kawai. Mu ne nan muka mai da kafso kaman gyaɗa, mura kafso, ciwon ciki kafso, biyu yau biyu gobe a ajiye, har ƙwayoyin suka gane shi, yanzu sai ka ga sakamakon lab ya dawo magani shida an gwada biyar ba sa aiki, na shidan kuma kuɗinsa sai an sayar da wani abu.

TAMBAYA: Salam, za a yi wa yayana aiki aka ce mu kawo jini leda 2, na je bayarwa aka gwada aka ce ba za a ɗauka ba wai ina da hepatitis B (ciwon hanta B). Ni lafiyata ƙalau ban taɓa shawara ba. Yanzu a gida an ware mini kwano da cokali, kuma saura wata 5 bikina. (Daga Moshi Zango)

AMSA: Ɗan'uwa, zuwa ba da jinin nan alheri ya zame maka, mutane da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da ita ba su sani ba sai hanta ta lalace. Duk jinin da za a ƙara wa wani sai an duba shi don HIV, ciwon hanta B da C, da tunjere, shi ya sa aka gani.

Kwano da cokali a mayar cikin na jama'a. Ba a ɗauka ta cin tuwo tare, ko musabaha, ko zufa a cikin trotro (motar haya) kaman yadda ake ta yaɗawa. Ta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri wurin haihuwa. Reza, askar wanzami, ƙaho, abin yankan farce, buroshi, waɗannan naka kai kaɗai, don ƙwayar na iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai. Yawancin masu irin taka tun suna jarirai suka samu, don jariri in ya kamu 9 cikin 10 tana zama, babba kuwa yawanci jikinsa na korar ta. Saboda haka kar kowa ya dube ka da wata fassara, kuma Mma da 'yan ɗakinku duk su je gwaji.

Ka ga likitan hanta, a maimaita gwajin bayan wata 6, a duba yawan ƙwayar a jini da lafiyar hantar da hoton ciki. Ba kowa ake sa wa magani ba, wanda ya cancanta akwai irin su tenofovir ƙwaya ɗaya a rana, yana danne ta sosai ko da bai raba ka da ita ba. Masu cewa a rediyo za su wanke ta da kwalba uku, kuɗinka za su wanke, wataƙila da hantar. Giya babu, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ka guje su. Aure kuma ba fashi, ka gaya wa amarya gaskiya ta yi gwaji, in ba ta da ita ta fara allurar rigakafi gobe, guda 3 ne, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6, ku tambayi likita yadda za ku yi kafin ta kammala. Ghana ta sa wannan rigakafin cikin na jarirai tun 2002, in bayan nan aka haife ta mai yiwuwa ta samu, a duba. Yayanka kuma a nemo masa wasu a majalisa, mai lafiya da ya kai kilo 50 leda ɗaya ba ta rage shi da komai.

TAMBAYA: Dokta, Baaba yana kwance bayan aikin mafitsara da robar fitsari, ya dage sai ya sauko ya yi alwala ya yi salla a tsaye, mun rasa yadda za mu yi da shi. (Daga Akwatia Line)

AMSA: Allah ya ƙara wa Baaba lafiya. Hukunci na malamai ne, amma hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari sananne ne, ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ku kira limamin unguwa ya faɗa masa da bakinsa har da maganar taimama da robar, zai fi ji daga gare shi. Ta ɓangarena tashi ya ɗan taka da taimako ina so ma, yana hana jini daskarewa a ƙafa, amma nas ta fara cewa to, jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara kullum kar a ɗaga ta sama, kar a ja robar, kar ruwa ya taɓa bandeji. Masu dubiya kuma na san mu, mutum ashirin a kan gado ɗaya da kuloli. Ku shiga biyu biyu, ku wanke hannu shiga da fita, mai tari ya gaishe shi ta waya, kuma kafin a buɗe kula a tambayi nas ko an yarda ya fara ci.